Kati Mai Lamba 106

Akwai wahalar da Allah yake jarrabar bawa da ita, akwai kuma wadda bawa yake zuwa kanti da ƙafarsa ya saya, har ya tsaya a ba shi canji. A cikin irin ta biyu ban san wadda ta kai tara katunan 'yan wasan besbol ba. Besbol wasan Amurkawa ne, wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya zubar da kulkin ya ruga a guje, kuma ba sai ka fahimci fiye da haka ba kafin ka gane zancen nan. Katin kuwa ɗan guntun kwali ne da bai kai tafin hannu ba, gaba hoton ɗan wasa, baya tarihinsa ko tallar kamfani, da lamba a kusurwa. Lambar nan ita ce masifar. Da zarar an buga wa kati lamba 105, an buga wa wani 107, to an dasa wa mutum ƙaiƙayi a inda hannunsa ba ya kaiwa. Abin da nake so in tabbatar shi ne, hajar da ake sayarwa a wannan kasuwa gurbi ce, wato wurin da babu kati, kuma duk wanda ya shiga da niyyar cika jeri ya shiga cinikin da tun farko aka tsara shi don kada ya ƙare.

Hujjata ta farko tana birnin Boston. A 1933, lokacin da karayar tattalin arziki ta sa manya na bin layin karɓar abinci, kamfanin cingam na Goudey ya fito da jerin katuna 240, kowane ƙunshin cingam na senti ɗaya da katinsa. Yara suka duƙufa. Suka tauna, suka yi musaya, suka jera katuna a kan gado, aka sami katin tauraron ɗan wasa Babe Ruth har kala huɗu, amma lamba 106 ta ƙi fitowa. Yaro ya ɗauka rashin sa'arsa ne, sai ya ƙara saye. Ya tambayi abokinsa, shi ma babu, sai su biyun suka ƙara saye. Gaskiyar magana ita ce ba a buga katin ba sam a wannan shekara. Sai a 1934, da wasiƙun ƙorafi suka isa kamfanin, aka buga shi da hoton Napoleon Lajoie, mutumin da ya daina wasa a babbar gasa tun 1916, aka aika wa waɗanda suka rubuto kawai. Masu bin tarihin sana'ar da yawa sun tafi a kan da gangan aka bar gurbin, ni ma can na karkata, domin mantuwar da ke ƙara wa mai ita ciniki mantuwa ce mai wayo. A yi tunanin yawan haƙoran da suka lalace wajen farautar abin da ba a halitta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko da Goudey ya yi gaskiya ya buga duka 240 ɗin daidai wa daida, lissafi kansa ba ya bayan yaron. Katunan farko suna zuwa da sauƙi, kusan duk ƙunshin da ka buɗe sabuwar fuska ce. Da ka wuce rabi, rabin abin da kake buɗewa kana da shi. Idan saura guda ɗaya, damarka a kowane ƙunshi ɗaya ce cikin 240, wato a matsakaici sai ka sake sayen ƙunshi 240 saboda kati ɗaya tak. In aka haɗa tafiyar tun daga farko, wanda ba ya musaya da kowa zai buɗe ƙunshi wajen 1,450 kafin ya cika jerin, kuma ya ƙare da kwafi sama da 1,200 da ba ya buƙata. Duk wanda ya taɓa tara murafen lemo a irin gasar nan ta haɗa haruffa ya san yadda abin yake: harafi ɗaya ya cika aljihun kowa a unguwa, wani harafin kuwa sai dai a ji labarin wai wani ya same shi a wani gari. Kuma a daidai nan ne hankali yake ajiye aiki, domin mutum ba ya iya barin jeri yana saura ɗaya. Mai kati 30 zai iya watsar da su ya yi barci. Mai 239 ya zama bawa.

Inda kamfani bai haƙa ramin da gangan ba, tsautsayi ya haƙa masa. Katin da ya fi kowane suna shi ne na Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh Pirates, a jerin da ake kira T206, wanda American Tobacco Company ta riƙa sakawa a kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911. Jerin yana da katuna 524. An dakatar da buga na Wagner da wuri saboda bai amince ba, wasu su ce ba ya son yara su sayi sigari don neman hotonsa, wasu su ce maganar kuɗi ce ba a daidaita ba (shi dai mutumin yana tauna taba abinsa). Waɗanda aka san suna nan yau ba su wuce 'yan gommai ba, kuma a 2022 an sayar da guda kan dala miliyan 7.25. Labarin katin ɗan wasa Mickey Mantle ya fi wannan ban takaici. Kamfanin Topps ya fito da jerin 1952 mai katuna 407, amma kashin ƙarshe, daga lamba 311 wadda ita ce ta Mantle, ya iso kasuwa a makare, hankalin yara ya koma kan wani wasan. Kaya suka yi kwantai a sito shekara da shekaru. Sy Berger, wanda ya tsara jerin, ya ba da labari da bakinsa cewa a wajajen 1960 ya gaji, ya loda kwalayen a jirgin ruwa aka zubar da su a tekun Atlantika. A watan Agustan 2022 aka yi gwanjon kati ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira kan dala miliyan 12.6. Har kati mai lamba 1 na wannan jerin, na wani Andy Pafko da ba ya cikin manyan taurari, yana da tsada in an same shi lafiyayye, don kawai yara suna jera katuna bisa lamba su ɗaure da roba, shi da ke sama shi robar ke ci. Sauran aikin kuma iyaye mata suka ƙarasa, waɗanda suka share ɗakunan 'ya'yansu suka kai kwalayen takalma cike da katuna bola, da yaran da suka maƙala katuna a sifokin keke don ya riƙa ƙara kamar babur.

A nan ne mai jayayya na farko zai ɗaga hannu ya ce: to ai ka kashe kanka da bakinka, abin da ake sayarwa miliyoyi ba wahala ba ce, jari ne. Mutumin da ya sayar da Mantle ɗin nan, kan dala 50,000 ya saye shi a 1991. Haka ne, ban musa ba. Amma a duba abin da ya faru da waɗanda suka ji irin wannan labari suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, Amurkawa suka farga cewa katin da uwa ta zubar dukiya ne, sai kowa ya shiga saye yana adanawa, ba a buɗewa, ba a taɓawa, ana lissafin kuɗin makarantar jikoki. Kamfanoni, Topps da Fleer da Donruss da Score da Upper Deck, suka ga kasuwa ta buɗe, suka saki injuna ba dare ba rana. Sakamakon ba ya buƙatar boka. Tsohon kati ya yi daraja saboda ba wanda ya ɗauke shi da daraja, sabon kuwa da kowa ya killace a leda ya zama ba wanda yake nema, tunda duk wanda za ka sayar wa yana da nasa kwali a ƙarƙashin gado. Yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya zo ya ƙarasa kasuwar. Jarin da sharaɗin ribarsa shi ne sai kowa ya yi sakaci ban da kai, ni a wurina caca ce da ta sa babbar riga.

Kuma ko a wancan zamani na ambaliya, masu tarawa sai da suka nemo wa kansu gurbi. A 1989 Fleer ya buga katin Billy Ripken riƙe da kulki a kafaɗa, ba wanda ya lura cewa akwai zagi na batsa rubuce a gindin kulkin sai da kati ya shiga hannun yara. Kamfanin ya ruɗe, ya shiga gyara kala-kala: wani an shafe da fari, wani an yi masa kaca-kaca da baƙi, wani an ɗora baƙin akwati. Maimakon a binne abin kunya, sai kowane irin gyara ya zama kati mai zaman kansa da dole a nema. Mutum mai iyali, mai furfura, ya zauna da madubin ƙara girma yana nazarin wane irin shafi aka yi wa zagi. Daga nan aka ƙirƙiro wani ramin a cikin rami, wato ba wa kati maki. Kamfanoni irin su PSA suna duba kusurwa da gefe da daidaiton hoto, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su kulle katin a cikin roba. Wanda ya cika jerinsa jiya ya wayi gari an ce masa nasa masu maki 6 ne, ga masu 8 can. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne katin farko da PSA ta taɓa ba wa maki: Wagner ɗin da Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya dala 451,000 a 1991. An ba shi 8 saboda kyan gefensa. A 2013 dillalin gwanjo Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefen don ya yi kyau. Ma'aunin da duk kasuwar ke rantsuwa da shi, da kayan da aka yi wa aski ya buɗe shago.

Mai jayayya na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ina jin kunyarsa. Zai ce ba kowa ne yake bin kuɗi ba, akwai wanda yake tarawa don ƙauna da adana tarihi, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Zai kawo mini Jefferson Burdick, ma'aikacin masana'antar kayan lantarki a Syracuse, wanda shi ya tsara kundin da ya raɗa wa jerin Wagner suna T206. Burdick ya tara katuna da makamantansu kimanin 300,000, ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York kyauta, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana liƙa su a kundaye da hannayen da ciwon gaɓoɓi ya nakasa, ya gama a farkon 1963, ya rasu bayan 'yan makonni. Na sallama, wannan mutum ya yi aiki, kuma ta dalilinsa ne ake iya ganin irin tallar da Amurka ta yi wa kanta shekara ɗari da suka wuce. Sai dai Burdick shaida ne a gefena. Da gam ya liƙa katunan, abin da in dillalin yau ya gani sai an yayyafa masa ruwa. Ya yi haka ne domin a wurinsa kati abin kallo ne da karantawa, kuma ya san ranar da zai ce ya gama. Wanda nake wa dariya shi ne wanda ya bar wa kamfani ikon faɗa masa ranar gamawa.

Kamfanin kuwa ya daina ɓoye-ɓoye. Topps ya cire cingam daga ƙunshinsa tun farkon shekarun 1990 saboda masu tarawa sun koka cewa yana ɓata kati, wato abin da aka ƙirƙiro katin don a sayar shi ya zama datti. Yanzu ana buga kati a rubuta a jikinsa cewa kwafi 50 ne a duniya, ko 5, ko ɗaya tilo. Katin Paul Skenes, ɗan wasan Pirates, mai ɗauke da ƙyallen rigar da ya fara wasa da ita guda ɗaya aka yi. Ƙungiyar Pirates ta yi tayin kujeru biyu na kallon wasa na shekara 30 ga duk wanda ya same shi, wani yaro ɗan shekara 11 a Kalifoniya ya buɗe ƙunshi ya ci karo da shi, iyalinsa suka zaɓi gwanjo, aka sayar sama da dala miliyan ɗaya a 2025. Barka ga yaron. Amma ma'anar kati ɗaya tilo ita ce mutum ɗaya ne kawai a doron ƙasa zai iya cika wannan jeri, sauran duka an sanar da su tun kafin su biya cewa ba za su cika ba, kuma suna biya. Goudey aƙalla ya ji kunya ya aika da lamba 106 ta gidan waya. Don haka, mai karatu, in wani naka da ke Amurka ya kira ka yana cewa saura masa kati ɗaya, ka yi masa addu'a da fatan alheri, amma kada ka ranta masa ko sisi.