Rabe-raben Matafiyan Mubi a Gaban Abincin Gabashin Asiya

Da wuya mutumin Mubi ya niƙi gari zuwa gabashin Asiya don cin daɗi da buɗe ido kawai, domin galibi sari ne ke kai shi Guangzhou ta ƙasar Sin, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957, ko ƙarin karatu a Malesiya idan malami ne a manyan makarantun garin. Sai dai yunwa ba ta tambayar dalilin tafiya, kuma a gabanta halin kowa yake bayyana.

Wanda aka fi gani shi ne mai guzuri, wanda rabin jakarsa kilishi ne da yaji da kuka da daddawa, yakan kuma yi mako biyu a Xiaobei, unguwar Guangzhou da 'yan Afirka suka saba sauka, yana tuƙa tuwo a ɓoye cikin masauki, sannan ya dawo ya shaida wa majalisa cewa Sinawa ba su iya girki ba, alhali ko loma bai kai baki ba. Mai wasiwasi yana da uzuri, tunda naman alade ya yawaita a girkin ƙasar, don haka ba ya zama sai shagon Musulmin Sin masu jan taliya da hannu su zuba mata romon naman sa, amma da yake nan kaɗai ya amince, taliyar ce safe, rana da dare, yana kokawa da tsinkayen cin abinci har romon ya huce.

A Malesiya batun halal ya yi sauƙi, sai mai kwatance ya fito. Idan aka kawo masa satay, wato ƙananan tsire da ake dangwalawa a miyar gyaɗa mai zaƙi, yakan tuna wa mai masaukinsa cewa daga garinsu ake lodin shanu zuwa Kudu, kuma a garinsu ba a haɗa nama da sukari; duk da haka tsinke ashirin yake tashi da su. Jarumi kuwa shi ke tunkarar duriyan, ɗan itace mai ƙayoyi da aka hana shiga jirgin ƙasan Singafo da shi saboda wari, ya haɗiye yana yaƙe, ya kwana gyatsa.

Mai hoto bai taɓa ɗaga kai ya dubi duwatsun Mandara na yankinsu ba sai in hadari yake dubawa, amma ya cika WhatsApp ɗin dangi da hotunan tagwayen benayen Petronas na Malesiya masu tsawon mita 452, waɗanda bai hau ba, domin ya lissafa kuɗin tikiti da naira.