Shuɗin Allo da Ƙurar Hunturu

Kwamfutata tana da wani irin hali: ba ta suma sai na kai tsakiyar aiki. Allo ya yi shuɗi, wai ta gamu da matsala, za ta sake tashi da kanta. Ita ke da matsala, ni ke da asara.

Na kai ta wajen mai gyara. Ya ƙura mata ido kamar mai duba a ƙasa, ya ce, "Alhaji, direba ne." Na ce ai ban taɓa saya mata mota ba. Ashe direba 'yar manhaja ce mai yi wa Windows tafinta da kayan cikin na'ura, in tafinta ya kwafsa, kowa ya kwafsa. Ko a 19 ga Yuli 2024 sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike guda ɗaya ta sumar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Muka sabunta direban kwamfutata. Kwana biyu lafiya lau, na uku shuɗi ya dawo kamar mai bin bashi.

Zargi ya koma kan RAM, wato ƙwaƙwalwar na'ura. MemTest86, mai gwada RAM, ya kwana yana bincike, bai kama kowa ba.

Yaron shagon ne, wanda ba a tambaya ba, ya kwance bayanta. Fanka ta toshe da ƙurar hunturu uku, curi guda kamar auduga. Ya hure, na ba shi na shayi. Maigidansa ya riga ya karɓi kuɗin direba, har yau bai yi zancen canji ba.