Fasa-ƙwauri da gajeren wando

Tsakanin 1920 da 1933, lokacin da Amurka ta haramta sayar da barasa, duk wanda ƙishirwa ta dama sai ya hau jirgin ruwa ya nufi Habana ko Bahamas, ya sha ya dawo yana tangaɗi. 'Yan fasa-ƙwauri kuwa daga teku suke sauko da kwalabe zuwa tudu cikin dare. To jikokinsu sun kifa abin. Yanzu giya ga ta nan tuli a tudu, su kuma suna ta fama su sace hanya su shigar da ita teku.

Je ka tashar Mayami ranar Asabar ka sha kallo. Jiragen shaƙatawa ne a jere, kowanne kamar an ciro unguwa guda an ɗora kan ruwa. Icon of the Seas kaɗai, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya kwasar fasinja 7,600. A layin shiga za ka ga dattijo da furfurarsa, gajeren wando, riga mai zanen furanni. Ya biya dubban daloli kuɗin ɗaki shi da uwargida, amma sai zufa yake yi kamar direban da ya ɗauko shinkafa ya hango kwastan. Me ya ɓoye? Wuskin dala 20 a cikin kwalbar maganin kurkure baki.

Dokar a bayyane take. Misali, kamfanin jiragen shaƙatawa na Carnival ya yarda duk wanda ya kai shekara 21 ya shiga da kwalba ɗaya ta giyar inabi, mai mililita 750, a jakar hannu. Ban da wuski, ban da giyar gwangwani. In ka kai kwalbar taka ɗakin cin abinci, za a caje ka kuɗin cire murfi. Kwalbarka, kuɗinka, maƙogwaronka, amma murfin nasu ne. Wadda ka saya a tsibirin da aka yada zango kuma, karɓewa za a yi a ajiye maka sai tafiya ta ƙare, kamar yadda ake karɓe wayar ɗan makarantar kwana.

Kamfanoni sun ce don lafiyar jama'a suke yi, kuma akwai ƙanshin gaskiya, domin mashayi da bakin jirgi da tsakar dare ba su dace da juna ba. Sai dai shi wannan kamfani mai tausayi yana sayar da tikitin sha na kullum, wanda ya ba mutum damar kofi 15 a yini. Goma sha biyar! In kuma mutum ɗaya ya saya, dole duk baligin da ke ɗakinsa ya saya, ko da uwargida shayi kawai take sha. Wato kofi na goma sha biyar daga mashayar jirgi lafiya lau ne, kurɓi ɗaya daga akwatinka shi ne mai jefa ka ruwa.

Nan fa basira ta tashi. Mutumin da bai iya canza ƙwan lantarki a gidansa ba sai ya zama injiniya. Ya juye maganin kurkure baki, ya ɗura farar barasa, ya ɗiga mata kalar abinci kore ko shuɗi. Ya tsoma murfi a ruwan zafi don ya fita ba tare da zoben ya karye ba. Kasuwa ma ta shigo ciki: ana sayar da kwalaben ƙarya na man wanke gashi da na man kare zafin rana, har da madubin hangen nesa wanda ba a hango komai da shi, sai dai a kwance ido ɗaya a kafa baki. Akwai 'yan jakunkunan roba masu laushi da ake cusawa cikin takalmi da kamfai, an ma laƙaba musu sunan 'yan fasa-ƙwaurin zamanin haramci, don mai ɗauke da su ya ji shi ma wani tantiri ne. Wanda bai ji ba bai gani ba shi ya sha wuya: a 2015 Carnival ya hana shiga da ruwan gora baki ɗaya, saboda gorunan sun daina ɗaukar ruwa.

Ni da ba na sha, da na so in yi dariya har in faɗi, sai na tuna duk shekara sai an roƙi alhazanmu kada su kai goro Saudiyya, kuma duk shekara sai an zazzage shi daga cikin garin kunu. Bari in yi dariyar a hankali.

Daɗin labarin yana wajen kamu. Akwatin kowa ya iso ƙofar ɗakinsa, naka shiru. Sai takarda: ana nemanka a ƙasan jirgi. Su fasinjojin da kansu suna kiran wurin ɗakin marasa ji. Can za ka tarar da layin manya, lauya da malamin makaranta da kaka mai jikoki, kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin silifas ɗinsa. Ma'aikaci ya ɗaga kwalbar man gashi, ya girgiza, ba kumfa. Ya kalli kan mai ita, sanƙo ne fes. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ka ji mutum yana rantsuwa surukarsa ce ta haɗa masa kaya.

Wanda ya tsallake kuma, ga ladarsa. A sama ana kiɗa, rana na faɗuwa kan tekun Karibiyan, iska na kaɗawa. Shi yana can ƙasa a ɗaki marar taga, ya murza makulli, ya zauna bakin gado da kofin wanke baki, yana kurɓar wuski mai ɗumi da ke tashin ƙanshin na'ana'a domin bai ɗauraye kwalbar da kyau ba. Ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya juya ya ce wa uwargida, "Kin ga yadda na yi musu wayo?"