Hannu Iri-iri

Mai ƙwacen waya a bakin titi ba ya cikin lissafina yau, domin da wuƙa yake tafe, babu abin dariya a lamarinsa. Waɗanda nake nufi su ne masu raba ka da abinka ana murmushi, wani sa'in har ka yi musu godiya.

A gidan biki ake ganin gwanin taka kuɗi. Yara 'yan warwaso ne, da an fara liƙi sai su kutsa ƙarƙashin ƙafafun mutane, a kore su da tsawa. Shi kuwa babba ne, da babbar riga ta sha bugu. Da 'yar dubu ta sauka kusa da shi sai ya ɗora mata takalmi, ya ci gaba da rawa da kafaɗa kawai, ƙafar dama kamar an dasa ta. Kiɗa na lafawa ya sunkuya gyara igiyar takalmi, alhali takalmin ba shi da igiya. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta liƙi da taka Naira, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla Naira 50,000, amma in ka tambaye shi, cewa zai yi ceton kuɗin yake daga wulaƙanci.

Sai mai "mu gani". "Kai, wannan zanna-bukar a ina ka samo ta? Mu gani." Kafin ka ba da amsa tana kansa, yana duba fuskarsa a gilashin mota. "Wallahi ta fi zama a kaina." Haka turare, haka agogo, haka caja. In ka yi rashin sa'a taubashinka ne, to ka yi ta'aziyyar hular kawai, don babu dattijon da zai saurari ƙararka. Al'ada ta ba shi kuɗin shara sau ɗaya a shekara, a watan cika-ciki, shi kuwa a kalandarsa duk wata cika-ciki ne.

Ɗan kamasho ba ya son kayanka, kai yake so, jakarka ita ce linzami. Kana shiga tasha ya fizge ta: "Alhaji, Zariya ko Kaduna? Saura mutum ɗaya!" Dole ka bi ta har cikin mota. Sai ka biya kuɗi ka zauna, sannan fasinjoji uku su sulale ɗaya bayan ɗaya, ashe abokan aikinsa ne.

Na fi jin tsoron mai doguwar musabaha. Ya damƙe hannunka da hannu biyu, ina gajiya, ina iyali, ina su Hajiya, ya muka ji da zafi. Ka ja, ya ƙara matsewa. Sai yatsunka sun fara mutuwa zai rage murya: "Dama akwai 'yar magana." Hannun nan ba zai saki ba sai ɗayan ya shiga aljihu ya fanso ɗan'uwansa.

Akwai kuma ɗan wawaso, wanda ba ya duba abin da ya ɗauka sai ya kai gida. A watan Oktoba na 2020, da aka fasa rumbunan tallafin korona a Bukuru da wasu garuruwa, an ga masu yunwar gaske da buhun hatsi a ka, su ba a yi musu dariya. Amma a kowane wawaso akwai mai zuwa a makare, ya tarar an share, ya ga komawa hannu rabbana abin kunya ne, sai ya ciri ƙofa.

Duk waɗannan ƙananan 'yan wasa ne a gaban mai biro. Shi ba ya fizga, ba ya gumi, rigarsa ba ta yamutsewa. Ya sa hannu a takarda, ya tafi sallar azahar a sahun gaba. Ranar da masu bincike suka iso kuwa, sai a koma daji neman mai laifi. A 2018, a ofishin JAMB na Makurdi, cewa aka yi maciji ne ya haɗiye Naira miliyan 36. Shekara na zagayowa kuɗi kusan miliyan 7 suka ɓace a gidan zu na Kano, labari ya bazu cewa goggon biri ne ya lanƙwame su, har sai da gwamnan lokacin, Ganduje, ya fito ya shaida wa duniya cewa gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya.