'Yan Barkwancin Gidan Masu Murtuke Fuska

Akwai wani reshe na kiɗan rock da ya yi tashe a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960, ana ce masa prog. Masu yin sa ba su yarda waƙa ta ƙare a minti uku ba. Sai ta cinye minti ashirin, ta sauya kiɗa sau goma, ta tabo taurari da sarakunan dā. An san su da ji da kai, amma gidan da aka hana dariya nan ne ta fi daɗi. Ga ire-iren masu ba da ita.

Na farko, mai zolaya da fuskar shanu. Ian Anderson na Jethro Tull, mai busa sarewa tsaye da ƙafa ɗaya, shi ne sarkinsu. Masu sharhi suka nace cewa faifansa Aqualung na 1971 dunƙulallen labari ne mai zurfi. Ya musa, ba su ji ba. Shi ke nan, a 1972 ya fito da Thick as a Brick: waƙa ɗaya tal, sama da minti 40, wai wani yaro ɗan shekara 8, Gerald Bostock, ne ya rubuta baitocinta. Yaron ƙage ne. Kwalin faifan ma jaridar ƙauye ce ta bogi. Faifan ya hau na ɗaya a Amurka, yau kuma ana lissafa shi cikin gwanayen abin da ya fito yi wa ba'a.

Na biyu, mai jin yunwa a bakin aiki. Rick Wakeman na Yes yakan tsaya cikin alkyabba mai ƙyalli, kewaye da tulin kayan kiɗa. A 1973 ƙungiyar ta zaga da Tales from Topographic Oceans, waƙoƙi huɗu, kowacce kusan minti 20, shi kuwa sun ishe shi. A Manchester, bisa labarin da ya sha bayarwa, yaron aikinsa ya kawo masa shinkafa da miyar kori ana tsakiyar wasa. Bai mayar ba. Ya jera kwanoni a kan kayan kiɗa, abokansa suna neman sirrin halitta, shi yana kai loma.

Na uku, dodo. Peter Gabriel na Genesis ya ɓace daga dandali a Dublin a 1972, ya dawo sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa, abokan wasansa ba su san da shirin ba. Daga nan ya zama fure, ya zama jemage. A zagayen 1974 ya shiga wata riga mai ƙulu-ƙulu da ta rufe shi ruf, har kai makirufo bakinsa ya zama aiki. Mawaƙin ya yi kyan gani, sai dai jin waƙar sai an dace.

Na huɗu, hedimasta. Robert Fripp na King Crimson a zaune yake kaɗa jita, ba murmushi, kuma ya hana ɗaukar hoto ana wasa. A ƙungiyarsa ne aka sa sunan makaɗin ganga Bill Bruford cikin mawallafan kiɗan "Trio", alhali a cikinsa bai buga ganga ba ko sau ɗaya. Shirunsa aka yaba. A 2020, lokacin kullen korona, sai ga hedimastan nan a intanet cikin ɗan siket ɗin 'yan rawar bale, yana tiƙa rawa da matarsa Toyah Willcox. Ashe shekara hamsin yana cin dariyarsa a ciki.

Na biyar, wanda shi ba wasa yake ba. Keith Emerson yakan soka wuƙaƙe tsakanin maɓallan kayan kiɗansa, a 1974 kuma aka ɗaga shi sama da fiyanonsa a Kalifoniya, suna juyawa kamar waina a tanda. Christian Vander na Magma a Faransa ya ga harsunan duniya ba su isa ba, ya ƙirƙiro nasa. Irin waɗannan sun fi kowa ban dariya, domin da gaske suke.

Na shida, dattijon da ya daina jin kunya. Geddy Lee na Rush, daga Kanada, ya daina jibge manyan lasifikoki a bayansa, sai ya cike gurbin da injinan busar da tufafi, a 2007 kuma da na gasa kaji. Da aka karrama Rush a 2013, abokin wasansa Alex Lifeson ya yi jawabin godiya na sama da minti biyu da kalma ɗaya, "bla", ya ba da tarihinsu kaf da hannu da ido.

Na bakwai ba ya kan dandali. Shi ne masoyin da ya haddace sunan kowane makaɗi da shekarar kowane faifai. Ka yi dariya, sai ya ce ba ka fahimta ba. Ka tambaye shi kajin Geddy Lee, zai gyara zama ya bayyana maka ma'anarsu.