Tankin da Ba a Tone Ba

A Kakuri, kusa da masaƙu, akwai wani fili da a da gidan mai ne. Zamanin da masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ke aiki dare da rana, nan kowa ke shan mai: Bahaushe, Bajju, Banufe, Tibi, Ibo, layi ɗaya, famfo ɗaya. Da matatar mai ta fara aiki a 1980, tankoki suka cika hanyar Kachia. Daga 2000 ciniki ya karye, a 2002 masaƙar ta rufe. Mai gidan man ya kwance famfunansa ya tafi, ya bar tankin a binne.

Tankin ƙarfe ba ya fashewa rana ɗaya. Tsatsa ke cin sa ta inda ido ba ya kaiwa, har ta yi masa huji kamar na allura. Ragowar fetur ɗin sai ta riƙa ɗiga, ta ratsa jar ƙasa, ta iske ruwa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, don haka a samansa yake kwanciya. Damina ta ɗaga shi, rani ya sauke shi, duk hawa da sauka yana shafar sabon wuri. A cikinsa akwai benzin, mai narkewa cikin ruwa, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini.

Rijiyar gidan da ke arewa da filin ce ta fara wari, sannan ta gidan kudu. Na arewa suka ce masan na kudu ne ya malalo musu. Na kudu suka ce wankin injin na arewa ne. Mutanen da suka shekara talatin suna aron guga suka daina gaisawa, aka ja katanga, kowa ya haƙa burtsatse a ɓangarensa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk burtsatsen biyu ruwa ɗaya suke zuƙa.

An kafa kwamiti. Sun zo, sun sunsuna, sun rubuta rahoto. Bayan haka aka malala siminti a filin, aka gina shaguna, aka yi fenti, aka sa wa wurin sabon suna.

Masu aikin gyaran irin wannan gurɓata sun ce ba haka ake yi ba. A Amurka an yi dokar tankokin ƙarƙashin ƙasa a 1984, a 1986 aka kafa asusun gyara da harajin fetur. Sai an gano mai tankin an kira sunansa. Sai an fasa simintin, an ciro tankin kowa ya ga hujin, an kwashe ƙasar da ta jiƙe, an haƙa ƙananan rijiyoyi ana auna ruwa shekara da shekaru. Aikin da wari, da tsada, kuma ba ya kyau a hoto. A ƙasar Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran gurɓatar man da ke can zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Yaran da aka haifa bayan katangar yanzu sun yi aure. Jiya na ga ɗiyar ɗayansu ta jawo guga, wani launi kamar bakan gizo yana yawo a saman ruwan. Ta hure shi gefe da baki, yadda ta ga uwarta na yi, ta sha, ta miƙa wa ƙanenta.