Masu Horar da Wandon Jins a Jimeta

Sabon wandon jins ba ya zuwa da ladabi. Tun a masaƙa ake shafe zarensa da sitaci don kada ya tsinke, ga auduga mai kauri an saƙa ta ƙam. Asalinsa ma kayan aikin ƙarfi ne: a 1873 Levi Strauss da wani tela, Jacob Davis, suka yi rajistar wandon mai ƙusoshi a bakin aljihu, can Amurka, don leburori da masu haƙar ma'adinai. Ba su san da zafin Yola na watan Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. To, tunda samarinmu sun ce sai shi, kowa da dabarar da yake bi ya karya masa taurin kai.

Akwai mai haƙuri, wanda akidarsa ita ce "zai saki da kansa". Ya saya a babbar kasuwar Jimeta ranar Alhamis, ya zura ranar Juma'a, ya fito ƙafa a ware kamar yaron da aka yi wa kaciya. Shiga keke Napep sai da ya bar ƙafa ɗaya a waje. A masallaci ruku'u ya wuce lafiya, sujada da ƙyar, amma zaman tahiya nan ake yin ta: yadin ya tattaru a bayan gwiwa, ya datse jini, gumi na tsiyaya ta ciki. Liman na sallama jama'a suka miƙe, shi yana zaune yana ta lazimi. Na kusa da shi suka ce yaron nan ya shiryu. Ƙafarsa ce ta yi sanyi, yana jira ta farfaɗo.

Sai malamin haɗi. Wannan ya gani a TikTok cewa gishiri na tausasa jins, wani kuma ya ce masa binega ta fi. Da yake ɗan gida ne, ya ƙara kanwa da tsamiya, wai kada a bar na gargajiya a baya. Ya juye rabin gishirin miya a baho, ya jiƙa wandon ya kwana. Abin da bai lissafa ba shi ne shunin jins a bayan zare yake, bai ratsa ciki ba, shi ya sa yake zuba. Da asuba 'yar'uwarsa Adda ta zo ta ga ruwa da kumfa, ta tsoma farin hijabinta.

"Hamma, me ka zuba a bahon nan?"

"Bincike nake yi."

"To bincikenka ya rina mini hijabi. Kuma Dada na neman gishirinta."

Wandon dai ya ɗan saki. Amma ko ruwan ɗumi zalla da ya wanke sitacin ai haka zai yi.

Mai duka ba ruwansa da wannan. Shi a wurinsa duk abin da ya ƙi jin magana zai ji bugu. In yana kusa da kogin Binuwai ya sauka wajen masu wanki, ya sami dutse ya yi ta maka wandon har kafaɗa ta gaji. In a unguwar Luggere yake ko Jambutu, turmi da taɓarya sun wadatar, muddin Goggo ba ta gida. Ana yi masa dariya, amma a gaskiya shi ya fi kowa kusa da ilimin abin, domin a masana'antu ma cikin injin wanki suke zuba wanduna tare da duwatsu masu kaushi su yi ta gurzar su, sannan su ƙara kuɗi. Matsalarsa ɗaya: taɓarya ba ta san zik ba.

Ɗan gwanjo kuwa kallonsu kawai yake. Ranar da aka fasa dila yana wurin tun safe, yana ɗaga wando yana murza gwiwar da yatsa. Hujjarsa ba ta da musu: wani Bature ya riga ya sha wahalar, me zai sa shi ya maimaita?

Akwai wanda ke bai wa ƙanensa ya sa na wata guda. Wandon kan yi laushi. Dawowarsa ce ba a cika gani ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙin wanki, galibi ɗan jami'a da ke zirga-zirga tsakanin Girei da gari. Ya ji cewa a 2014 shugaban kamfanin Levi's na lokacin, Chip Bergh, ya ce bai kamata a riƙa jefa jins a injin wanki ba. Yaronmu ya riƙe wannan fatawa hannu bibbiyu, ya manta mutumin a San Faransisko ofishinsa yake a lokacin, inda iskar teku ke kaɗawa. Ƙurar hunturu ta shiga, gumin bazara ya bi, man suya ya ɗora. In wari ya taso sai ya naɗe shi a leda ya cusa a firiza, kusa da zoɓon sayarwar mahaifiyarsa.

Duk wannan fama kuwa a garin da babban mutum ba ya fita ɗaurin aure sai shaddarsa ta sha sitaci tana amo. Taurin shadda daraja ne, taurin jins azaba. Shi ya sa babban maƙiyin duk waɗannan mutane shi ne Baba mai wanki da guga. Saurayi ya yi wata biyu yana jiƙo da duka, wando ya kwanta masa a jiki, sai rana ɗaya aka haɗa shi cikin kayan wankin gida. Ya dawo a ninke, ya sha sitaci, an fitar masa da kari tun daga ƙugu har idon sawu.

"Baba, wa ya ce ka sa masa sitaci?"

"Yaro, na ga ya yi laƙwas ne, na ce bari in gyara maka. Naira ɗari biyu za ka ƙara, ya ci sitaci da yawa."